Fashin baƙi kan "churn out": ba kowace irin samarwa ake nufi ba

Wani ƙanena ne ya turo min takardar neman aiki da ya rubuta da Turanci, ya ce Yaya dan Allah ka duba min kafin in tura, gobe ake rufewa. Na buɗe a waya ina karantawa, komai tsaf, yaron ya yi ƙoƙari wallahi, sai da na zo wani layi na tsaya cak. Ya rubuta "In my last job I churned out weekly reports for the management." Na kira shi na ce kai wannan churned out ɗin a ina ka tsinto shi? Ya ce a wata jarida ya gani an rubuta wani kamfani yana churning out ɗin wayoyi miliyoyi, sai ya ga ai kalma ce mai nauyi, ta fi wrote da prepared armashi, mai karantawa zai san ya iya Turanci. Na ce toh ka san abin da ka gaya wa mai ɗaukar aikin kuwa? Ka ce masa rahoton nan zubo shi kake ta yi kamar inji, ba tunani ba natsuwa, a dai cika lissafin sati. Ya yi shiru, can sai ya ce "Yaya ni fa kwana nake a kan rahoton nan."

Wannan amsar tasa ce ta tsaya min a rai, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Mutum ya yi aiki da gumin goshinsa sannan ya ɗauko kalma da hannunsa ya zubar da darajar aikin bai sani ba. Kuma ba laifinsa bane gaba ɗaya, dan in ka duba ƙaramin ƙamus ko ka saka a manhajar fassara abin da za ka samu shi ne samarwa, ko samarwa da yawa, shikenan. Ma'anar ta fito amma ƙanshin kalmar bai fito ba, kuma a irin wannan kalma ƙanshin shi ne rabin maganar.

Bari mu fara da irin ginin ta. Churn out tana cikin abin da masu nahawun Turanci ke kira phrasal verb, wato aikatau ne da ake liƙa masa wata ƴar guntuwar kalma irin su out, up, off, in, sai su biyun su haifar da ma'anar da ba lallai ka same ta a kowannensu shi kaɗai ba. Ɗalibai na kuka da su sosai, suna cewa Turanci ba shi da tsari, amma fa mu ma haka muke wa masu koyon Hausa. Ka ɗauki "ci". Ci gaba, ci amana, ci mutunci, ci jarabawa, ci bashi, a cikinsu duka babu inda aka sa loma a baki. Ko "sha", sha wahala, sha kaye, sha alwashi. Baƙon da ya haddace cewa ci shi ne sa abinci a baki, ranar da ya ji an ce wane ya ci fuskar wane ai sai ya rikice. Toh haka phrasal verb yake, dunƙule ake koyonsa, tare da inda ake faɗinsa da kuma yanayin fuskar mai faɗin.

Ita churn ɗin kanta tsohuwar kalma ce, tana nan tun zamanin tsohon Ingilishi, kuma asalinta daga aikin madara ne. Churn sunan mazubin da ake kaɗa madara ko kirim a ciki har man shanu ya tashi. A Turai irin na da wata doguwar ganga ce ta katako mai murfi, an huda tsakiyar murfin an zura sanda, mutum ya zauna yana ɗagawa yana dannawa, yana ɗagawa yana dannawa, daga baya aka yi mai hannun juyawa. Aikin kaɗawar ma sunansa churn. Ka riƙe wannan hoton da kyau dan duk sirrin yana nan: motsi ɗaya tak ake maimaitawa, ba a canzawa, ba ya buƙatar ka yi tunani, hannu na aiki hankali na wani waje, a ƙarshe wani abu ya fito. Daga nan ne Turawa suka ɗauki kalmar suka ba duk wani abu mai tuƙuwa yana juyawa da ƙarfi, ruwan teku in yana hautsinewa, ko cikin mutum in yana juya masa saboda tsoro ko ƙyama, sai ka ji an ce my stomach is churning.

Sai aka zo aka ƙara out. Ita out a irin wannan gini aikinta nuna cewa abu na fitowa waje daga wani tushe, kamar yadda muke cewa fitar da ko zubo da. Haɗa su, inji na ta juyawa kaya na ta faɗowa ta ɗaya bakin. Churn out kenan.

Dan haka duk inda ka ga Bature ya yi amfani da ita akwai abubuwa da yake nufi a lokaci guda. Akwai yawa, abin ba ɗaya ba ne ba biyu ba. Akwai sauri da rashin tsayawa, wani na bin wani. Sannan akwai na ukun wanda shi ne ƙanena bai gani ba, wato abin yana fitowa ne kamar daga inji, iri ɗaya, ba a tsaya an kula da kowanne ba, kuma sau da yawa mai maganar yana nuna ingancin bai kai ya kawo ba. Ba kullum ne na ukun yake da ƙarfi ba, zan zo kan wannan, amma kullum yana laɓe a wajen. Mu muna da karin maganar da ta kama shi daidai, da haihuwar yuyuyu gara ɗa ɗaya ƙwaƙƙwara. Wannan yuyuyu ɗin, in kana so ka ji churn out a kunnenka na Bahaushe, toh shi ne.

Dan ka gane me ya sa Turanci ya buƙaci irin wannan kalma sai ka leƙa tarihin masana'antu, musamman a Amurka. Kamfanin Henry Ford ya fito da motar Model T a 1908. A lokacin yadda ake haɗa mota shi ne a ajiye ƙashinta waje ɗaya, ma'aikata su yi ta kewaya ta suna kawo kaya suna ɗaurawa. A 1913 a masana'antarsa ta Highland Park da ke jihar Michigan aka juya abin, ma'aikaci ya tsaya waje ɗaya ita motar ce ke tafiya a kan layi tana zuwa gabansa, kowa da ɗan aikinsa guda ɗaya, wannan ya ɗaura taya, wancan ya ɗaure noti, daga safe har a tashi abin da zai yi kenan. Aikin haɗa ƙashin mota da ke cin sama da awa 12 ya dawo kamar awa ɗaya da rabi. Farashi ya faɗi, motar da aka fara sayarwa sama da dala 800 ta sauko ƙasa da dala 300 a shekarun 1920, kuma kafin a daina yinta a 1927 an ƙera sama da miliyan 15. Ka ga mai kaɗa madarar nan ya dawo, sai dai yanzu mutum dubbai ne a jere kowa na maimaita motsi ɗaya. Kuma aikin ya gundiri mutane sosai, ma'aikata suka yi ta ajiyewa suna tafiya, yana cikin dalilan da suka sa a Janairun 1914 Ford ya sanar da albashin dala 5 a rana, kusan ninki biyu na abin da ake biya kafin nan, dan ya riƙe su. Toh in marubucin tarihi ya rubuta "Ford's factory churned out millions of cars" duk wannan yana cikin jimlar, akwai mamakin yawan, akwai kuma ƙarar injin da gajiyar mutumin da ke tsaye a layi.

Anan ne nake so a yi min adalci a fahimta, dan kar wani ya tafi da cewa na ce churn out zagi ne a ko'ina. A'a. In ana maganar masana'anta da inji da kaya irin su kwalba, bulo, ƙusa, batir, toh kusan ba ta da wani dafi, ai dama aikin inji kenan, babu wanda ke tsammanin a zauna a yi wa kowace ƙusa ado. Wani lokacin ma yabo ne da jinjina. Misalin da ya fi burge ni shi ne na jiragen ruwan dakon kaya da Amurka ta ƙera a Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda ake kira Liberty. Jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suna ta nutsar da jiragen da ke kai wa Birtaniya kaya, sai dabarar ta zama a ƙera da sauri fiye da yadda ake nutsarwa. Tsakanin 1941 da 1945 an yi guda 2,710. An bar tsohuwar hanyar ɗinke ƙarfe da ƙusoshi aka koma walda, ana haɗa manyan ɓangarori a wani waje a kawo a jona. A Nuwamban 1942 a Richmond ta jihar California an haɗa wani mai suna Robert E. Peary cikin ƙasa da kwana biyar, duk da dai wannan an yi shi ne dan nuna bajinta, ba haka ake yin sauran ba. A ɓangaren sama kuma masana'antar Willow Run ta Ford ta kai tana fitar da jirgin yaƙi samfurin B-24 kusan ɗaya duk awa a 1944. Duk wanda ya rubuta cewa Amurka was churning out ships and planes a wancan lokaci ba raini yake ba, baki ya riƙe.

Amma ko a nan ɗin ka lura, wasu daga jiragen Liberty sun tsage, kaɗan ma sun rabe biyu a teku. Wata masaniyar ƙarfe a jami'ar Cambridge, Constance Tipper, ta nuna cewa irin ƙarfen ne yake yin gautsi in ya shiga ruwa mai tsananin sanyi, kuma tunda walda ce ta haɗe jikin jirgin ya zama abu guda, in tsaga ta fara sai ta yi ta tafiya babu abin da zai tare ta. Wato inuwar nan ta sauri ya haifi nawa ba ta rabuwa da kalmar ko a inda ake yabo.

Inda kalmar take cizo da gaske shi ne in aka ɗauke ta daga inji aka ɗora wa mutum, ko aka ɗora wa aikin da ya kamata a ce akwai tunani da zuciya a ciki. Rubutu, waƙa, fim, bincike, koyarwa. In aka ce wa marubuci he churns out three novels a year, ba cewa ake yana da himma ba, cewa ake littattafan nasa duk uwa ɗaya uba ɗaya ne, ya samu ma'auni yana ta zubawa yana juyewa. In ana son a yabe shi da yawan rubutu akwai kalmar da aka tanada, prolific, a ce he is a prolific writer. Yawan littafin ɗaya ne a jimlolin biyu, bambancin kawai ra'ayin mai magana. Haka in aka ce masana'antar fim tana churning out sequels, ana nufin an ga na farko ya kawo kuɗi sai aka yi ta jero na biyu da na uku da na huɗu ba dan akwai sabon labari ba.

Wanda ya fi damuna shi ne na makaranta, dan na sha ganinsa a rubutun mutanen da Turanci ba harshensu na farko bane, kuma da kyakkyawar niyya suke yi. Za ka ga an rubuta da alfahari "our university churns out thousands of graduates every year" ana nufin a yi tallar makarantar. Wanda ya tashi da harshen in ya karanta abin da zai ji shi ne makarantar nan kamar injin buga bulo take, tana ta turo masu kwali ba tare da ta damu ko sun iya wani abu ba. Wannan jimla ce ta mai suka, irin wadda za ka gani a sharhin jarida in ana kukan cewa ana yaye ɗalibai babu aikin yi ko babu ƙwarewa. Mai talla produces zai ce, ko trains, ko ya yi amfani da graduates a matsayin aikatau. Abin takaici ne mutum ya biya kuɗi a buga masa suka a kan kansa.

Ƴan jarida ma ba su tsira ba, har sabuwar kalma aka ƙera musu daga wannan tushe, churnalism, an haɗa churn da journalism. Ma'anarta aikin jaridar da ba a fita neman labari, sai dai a ɗauko sanarwar da kamfani ko ofishin gwamnati ya rabo, ko labarin kamfanin dillancin labarai, a ɗan canza kalma biyu uku a sa suna a buga, a wuce na gaba. Ɗan jaridar Birtaniya Nick Davies ne ya yayata kalmar sosai a 2008 lokacin da ya yi rubutu kan yadda aka rage ma'aikata a gidajen jaridu aka ƙara musu yawan shafukan da za su cika. Kuma abin da ya kamata a gane shi ne sau da yawa ba lalacin ɗan jaridar bane, an ce ya kawo labari goma kafin yamma, yaushe zai buga waya ya tabbatar da ko ɗaya? Shi ya sa in ka ji mutum ya faɗi kalmar a kan kansa, kamar ya ce I'm just churning out articles all day, toh kuka yake, yana cewa an mayar da shi inji. Wannan ne kusan kaɗai inda ya dace ka ce I churn out, wato in kana ƙorafi ko kana ƙanƙan da kai a gaban abokai. Ba a takardar neman aiki ba.

A duniyar bincike ma haka, akwai wuraren da sana'arsu ita ce ƙirƙirar takardun bincike na bogi suna sayar wa masu neman ƙarin girma, Turawa na ce musu paper mills, wato masana'antar ƙera takardu, kuma aikatau ɗin da ake haɗa su da shi kusan kullum churn out ne. A 2023 kaɗai an janye takardun bincike sama da 10,000 daga mujallu a duniya. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ta shigo, duk inda ka buɗe sharhin Turanci a kanta za ka ci karo da kalmar, ana maganar shafukan intanet da ke zubo maƙaloli ɗari-ɗari a rana babu ɗan adam ɗin da ya karanta kafin a saki. Ni a ganina kalmar ba ta taɓa samun zamanin da ya dace da ita kamar wannan ba.

Toh sai yadda ake sarrafa ta a jimla, nan ba wuya amma akwai ƴan ramuka. Dole ta samu karɓau, wato abin da ake fitarwa, ba za ka ce the factory churns out ka yi shiru ba, sai an tambaye ka me. Kuma karɓau ɗin jam'i ne ko abin da ba a ƙirgawa, cars, songs, reports, content, propaganda. In ka ce she churned out a letter, wasiƙa ɗaya tak, kunne zai ji wani iri dan babu yawan da kalmar ke buƙata, sai dai in akwai abin da ke nuna maimaici, kamar a book a year, ko one song after another, ko yet another film. Ana iya raba ta, churn out cars ko churn cars out duk daidai ne, duk da na farkon ya fi yawa musamman in karɓau ɗin dogo ne. Amma in wakilin suna ne dole ya shiga tsakiya, churn them out, ba a cewa churn out them, wannan doka ce da ta hau duk phrasal verb masu rabuwa kuma nan ne ɗalibai suka fi zamewa. Shuɗaɗɗen lokaci churned out, mai ci gaba churning out, kuma za ka lura tana son tafiya da keep da continue, they keep churning out the same thing, dan dama rashin tsayawa na cikin jininta. Ana kuma juya ta a ce these phones are churned out by the million.

Furuci kuma ga dabara mai sauƙi. In ka iya faɗin turn ko burn, toh cire harafin farko ka sa "c" irin tamu ta Hausa, ta ciki da cokali. Wasalin iri ɗaya ne. Mutanen Ingila galibi ba sa furta r ɗin, Amurkawa na furtawa. In ka ce churned out da sauri d ɗin sai ta manne da out, ka ji kamar daut a ƙarshe. Ka dai kula kar c ɗin ta koma t, dan turn out wata kalma ce daban.

Tunda na ambace ta bari in taɓa ƴan uwanta, dan suna da yawa kuma ba ɗaya suke ba. Turn out ita ce mai sanyin cikinsu, the factory turns out 500 bicycles a day, labari ne kawai babu hukunci, sai dai tana da wasu ma'anoni barkatai, kamar it turned out that wato ashe, ko fitowar jama'a wajen zaɓe. Crank out ita ce ta fi kusa da churn out, crank shi ne hannun da ake juyawa a tada tsohon inji, ta fi yawa a bakin Amurkawa, kuma sau da yawa akwai ɗan nuna ƙoƙari a cikinta, mutum ya dage ya murza ya gama. Pump out hoton famfo ne, ta fi dacewa da abin da ke kwarara, hayaƙi, kiɗa, farfaganda. Mass-produce ita ce ta littafi da ofis, babu motsin rai ko kaɗan, in kana rubuta rahoto ko aikin makaranta ita za ka ɗauka. Roll out kuma mutane na cusa ta cikin wannan dangi alhali ba ta ciki, ita ƙaddamar da sabon abu ne a fara kai shi ga jama'a, kamar sabuwar manhaja ko allurar rigakafi, ba ruwanta da yawa ko inganci.

Akwai kuma churn ita kaɗai ba out a harshen ƴan kasuwa, kar ta ruɗe ka. In kamfanin waya ko na kallon fim a intanet ya ce churn rate, yana nufin yawan kwastomomin da ke barinsa a wani tsawon lokaci, wasu na shiga wasu na fita kamar ana kaɗa su. Tushe ɗaya ne amma ba maganar samarwa ake ba. Haka churn up, wannan tayar da laka ne ko ƙasa, kamar yadda tayar babbar mota ke dagula hanya.

In fassara ce ta kawo ka, shawarata kar ka nemi kalmar Hausa guda ɗaya ka ce ita ce churn out a ko'ina, ba za ka samu ba. Ka fara tambayar kanka mai maganar nan mamaki yake ko suka. In mamaki ne, sai ka ce masana'antar na ta fitar da motoci ba ƙaƙƙautawa, ko tana kwararo su kamar ruwa. In suka ne Hausa ta ma fi Turancin kayan aiki, ana ta zubo finafinai barkatai, ana ta antayo mana waƙoƙi, ana yaye ɗalibai yuyuyu, aikin a dai yi a gama. Ka lura da "ta" ɗin nan ta "yi ta" da "ana ta", ita ke ɗauke da maimaicin da ke cikin churn, in ka yar da ita ka ce kawai suna samar da finafinai toh ka kashe jimlar, ka mayar da mai suka ya zama mai kawo rahoto. Na sha ganin wannan a labaran da aka fassaro, marubucin asali yana huci, fassarar ta fito lami.

Sannan a kula da wajen da ake faɗinta. Kalma ce ta hira da sharhi da jarida, ba ta takardar yarjejeniya ko wasiƙar ofis ba. Kuma kar ka gaya wa mutum ita a kan aikinsa kana zaton yabonsa kake, ka ce wa malaminka you churn out so many papers, ko ka ce wa mawaƙi haka, zai yi murmushi ne kawai amma ya ji.

Shi dai ƙanena mun zauna a waya mun gyara layin a daren. Na tambaye shi rahoton nan me ke cikinsa, ya ce alƙaluman ciniki ne na sati yake tattarawa ya duba inda aka samu ragi ya rubuta dalili. Na ce toh ai shi za ka faɗa. Muka mayar da shi "I prepared weekly sales reports and explained the changes to management." Ya karanta sau biyu ya ce Yaya wannan ai kamar ya yi sauƙi da yawa, ba za su ce ban iya Turanci ba? Na ce tura shi haka. Ya tura ƙarfe sha ɗaya saura.